Babba ko Ƙarami? Gardamar Janaretan Cajin Batir a Shanono

A Shanono da Faruruwa da Kokiya da sauran garuruwan da ke wannan gefe na iyakar Kano da Katsina, wutar da mutane suka fi dogara da ita yanzu a cikin batir take. Mai shagon cajin waya yana da nasa, mai kemis yana da na fanka da ƙwan fitila, masallacin unguwa yana da na lasifika, gidaje da dama kuma sun ɗora faifan sola ɗaya ko biyu a kan kwano. Sola ta rage wa janareta aiki, amma ba ta kore shi ba. Idan hadarin Agusta ya kwana uku bai saki rana ba, ko hazon hunturu ya rufe sama, batir zai kwanta, dole a tayar da inji a cika shi. Waɗanda suka ga duhun watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace aka shafe fiye da mako babu lantarki a Kano, ba sa buƙatar a gaya musu amfanin inji a ajiye.

Gardamar ita ce girman injin da ya kamata a saya don wannan aiki. Bakanikan janareta da masu sayar da shi sun fi cewa a sayi babba a huta. Masu zuba mai daga aljihunsu kullum sun ce babban inji a kan ɗan batir ɓarnar dukiya ce. Kuɗin da ake magana a kai, ga mutumin karkara, wani lokacin rabin amfanin gonarsa na shekara ne, don haka ya kamata a saurari kowa da kyau.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyaran janareta ya san abin da ke sa bakanike faɗin haka. Za a kawo ɗan inji a bayan babur an ɗaure shi da roba, mai shi yana cewa jiya da daddare ya ji kukansa ya canja, can sai wuta ta ɗauke alhali inji yana juyawa. Bakanike zai kwance murfin baya ya kai hanci, ƙaurin ƙonanniyar waya ya buge shi. Wayar koyil da ya kamata a gan ta ja tana sheƙi ta koma baƙa ƙirin, idan ya murza ta da yatsa sai ta riƙa barin toka.

"Alhaji, lodi ka yi masa fiye da ƙarfinsa."

"Wallahi Malam, ban kai lambar da aka rubuta a jikinsa ba."

Kuma galibi gaskiya mai injin ya faɗa. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son babba: lambar da ke jikin inji ba ita ce za ta fito a soket ba. Ɗan ƙaramin Tiger da kowa ya sani, wanda aka rubuta wa 950 da manyan baƙaƙe, ƙarfin da yake iya riƙewa na tsawon lokaci wajen wat 650 ne. Yawancin injina suna da lamba biyu a ƙaramin allon bayaninsu, ɗaya ta iyakar abin da za su ɗauka na ɗan lokaci, ɗaya ta abin da za su wuni suna ja, kuma ta farkon ce mai shago yake nuna maka. Injin da ake sayarwa da sunan kVA 2.5 sau da yawa kilowat 2 ne aikinsa na gaskiya.

Wannan lambar ta biyun ma a wani wuri aka auna ta, a tsayin da ya yi daidai da bakin teku, cikin iska mai zafin digiri 25. Injin fetur da iska yake ci, iska kuwa tana yin sako-sako yayin da ƙasa take tashi. Littafin da Honda ke haɗawa da injinanta ya ce ƙarfi yana raguwa da kusan kashi 3.5 cikin 100 a kowace mita 300 ta tsayi. Mu mutanen ƙasar Kano ba ma ganin kanmu a kan tudu, domin ido yana ganin gonaki shimfiɗe har iyakar gani, amma muna zaune ne wajen mita 500 sama da teku. Injin da aka sauke a tashar jirgin ruwan Legas ya riga ya bar kusan kashi 6 na ƙarfinsa a hanya kafin ya iso Shanono. Sai zafi. A watan Afrilu, idan rana ta kai digiri 40 ko ta ɗara, iska tana ƙara yin sako-sako, a sake rasa kamar kashi 3. Jimla dai, kusan ɗaya bisa goma na ƙarfin inji ya tafi tun yana sabo fil. Ɗan wat 650 ya koma ƙasa da 600.

Ƙura ba ta da lissafi tsayayye irin wannan, amma ta fi su ɓarna a wurinmu. Buɗe akwatin soson iska na injin da ya yi hunturu ɗaya a bakin hanya ba a wanke shi ba, za ka tarar soson ya daskare da jar ƙasa da mai. Inji ba ya samun iska, fetur ya yi masa yawa, hayaƙi ya yi baƙi, fulogi ya yi kunkunniya. Irin wannan injin idan aka ɗora masa lodi sai juyinsa ya faɗi, wuta ta yi ƙasa, caja ta ƙara zuƙa don ta cike gurbi, fankar da ke sanyaya koyil kuma ta rage gudu a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Haka koyil take ƙonewa ba tare da an wuce lambar jiki ba.

Masu son babba suna da wata hujja da ba kowa ya sani ba. Cajar batir, musamman mai araha, ba ta jan wuta salin-alin kamar dutsen guga ko ƙwan fitila. Kurɓa take yi, ta zuƙa da ƙarfi ta saki, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Cajar da take zuba wat 300 a batir tana iya nauyaya inji kamar an ɗora masa 450 ko 500. Sannan sun ce lodi ba ya tsayawa inda aka fara. Yau batir ɗaya ne, gobe uwargida ta ce a jona fanka, jibi maƙwabci ya miƙo waya ta kan katanga, an jima an sayo firiza don ƙanƙara a watan azumi. Mai shagon caji da ya fara da wayoyi hamsin masu cin wat goma-goma, wato wat 500, yanzu rabin wayoyin da ake kawo masa masu saurin caji ne da ke cin ninki biyu ko fiye. Araha ba ta ado, in ji su, wanda ya sayi ƙarami zai sake saye.

Ban ga inda za a ƙaryata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sai dai bakanike injin da ya mutu kaɗai yake gani. Kuɗin man da ke zurarewa kullum daga aljihun wanda injinsa ke lafiya lau ba ya biyowa ta rumfarsa.

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuma ta wuce 1,000. Mutumin ƙauye da ke saye a galan ko kwalba wurin 'yan bumburutu yana biyan fiye da haka. Kafin wannan rana, shawarar a sayi babba a huta ba ta da tsada sosai. Bayanta lissafi ya juye, domin kuɗin man da inji zai sha a rayuwarsa ya ninka kuɗin sayensa sau da yawa.

Janareta na gama-gari dole ya juya sau 3,000 a minti ɗaya don ya ba da irin wutar da kayanmu ke aiki da ita, ko an ɗora masa lodi ko ba a ɗora ba. Juyin nan kansa mai yake sha. Injin kilowat 2 da aka jona wa caja ɗaya tak yana jan kwatan ƙarfinsa ne kawai, amma man da yake sha ba ya sauka zuwa kwata, yana tsayawa ne wajen rabi. Ma'ana kowane wat da ya shiga batir an saye shi kusan ninki biyu.

A nan ne mai son babba yake cewa ai babba zai gama caji da wuri a kashe. Wannan ita ce maganar da na fi so a tsaya a kanta, domin ita ce ta fi cin kuɗin mutane, kuma ba gaskiya ba ce ga irin batir ɗin da ya fi yawa a hannunmu. Batir mai ruwa kamar tulu ne mai ƙaramin baki, ko da bokiti ka kwara masa ko da moɗa, abin da bakin zai iya haɗiya shi ne zai shiga. Masu ƙera dogon batir ɗin nan mai lamba 200, wanda ake haɗawa da inbata, suna ba da shawarar a caje shi da kusan ɗaya bisa goma na lambarsa, wato amf 20. Amf 20 a kan folt 14 da ɗoriya bai cika wat 300 ba. Ko injin da ke kunna gidan biki ka kawo, abin da batir ɗin zai karɓa ke nan. Idan ka tilasta masa fiye da haka sai ya ɗau zafi, ruwansa ya tafasa ya ƙafe, farantan ciki su lalace, batir ɗin da ya kamata ya yi shekaru ya mutu cikin watanni. Batir kuma ya fi ɗan janareta tsada.

Akwai ƙari. Idan aka sha rabin batir, wanda shi ne iyakar da ya kamata a sha, awa uku a kan amf 20 za su maido shi wajen kashi 80. Daga nan sai ya fara karɓa a hankali, yana rage abin da yake ja da kansa, sauran kashi 20 ɗin su ci wasu awoyi. A waɗannan awoyin inji yana kuka yana shan mai, abin da ke shiga batir kuwa bai fi na ƙwan fitila biyu ba. Na ga shaguna da yawa inda inji ke ruri tun la'asar har bayan isha'i don kawai a ga koriyar fitilar caja ta kama. Wanda yake da faifan sola ko da ɗaya ne, gara ya tayar da inji da sassafe na awa uku, ya kashe, ya bar rana ta ƙarasa wannan jan aikin a kyauta. Ko ranar hazo tana iya ba da ɗan abin da ƙarshen caji ke buƙata. Amma a tabbata batir yana cika tsaf lokaci zuwa lokaci, domin batir mai ruwa da ke kwana kullum bai cika ba farantansa suna daskarewa, ƙarfinsa ya yi ta raguwa.

To, sai mutum ya ɗauka masu son ƙarami sun yi nasara, a ruga a sayi ɗan Tiger. A nan ma sai an yi hattara. Wannan ɗan injin, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, ba ya ƙone mansa duka, wani yana fita ta salansa a hayaƙi. Idan aka auna wutar da yake bayarwa da man da yake sha, ba shi da tattalin da ake zato, kuma wutarsa tana hawa da sauka, abin da inbata da yawa ba sa yarda da shi, sai su ƙi karɓa gaba ɗaya. Hukumar kwastam ta sanar da hana shigo da irinsa tun 2015 saboda hayaƙinsa, duk da haka kasuwa cike take da shi, domin shi talaka yake iya saye kuma shi yaro zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Ba na ganin laifin wanda ya saya don ƙarfinsa ke nan. Abin da nake roƙonsa shi ne ya nisanci ramin nan mai folt 12 da ke gaban injin, wanda ake cewa na cajin batir ne kai tsaye. Amf takwas kawai yake bayarwa, ba shi kuma da abin da zai yanke idan batir ya cika. A kan babban batir zai wuni kafin ya yi abin kirki, a kan ƙarami kuma zai dafa shi. A jona caja ta gaske a soket.

Ra'ayina shi ne ɓangarorin biyu sun fara lissafi daga inda bai kamata ba. Dukansu inji suke kallo, alhali batir ne yake da ta cewa. A fara da abin da batir zai iya haɗiya, a ƙara abin da caja ke ɓatarwa, a ƙara ɗaya bisa goma na tsayin ƙasarmu da zafinta, sannan a zaɓi injin da wannan jimla za ta zama kamar kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa na gaskiya. A nan inji yake ba da wuta mafi araha ba tare da ya wahala ba. Mai batir ɗaya na 200, nauyinsa a kan inji wajen 500 ne, don haka injin da ke ba da kVA 1 na gaskiya, mai ɗakin baƙin mai daban, ya ishe shi har da fanka. Mai batir biyu da aka haɗa su folt 24 yana zuba kusan wat 600, nauyin a kan inji ya kusa 1,000, idan aka ƙara ragin tsayi da sararin numfashi sai a isa kVA 1.5. Ɗan Tiger ba zai iya wannan ba, injin kVA 3.5 kuma asarar mai ne a kansa. Abin da na lura shi ne wannan matsakaicin girma shi ne mutane suka fi tsallakewa, daga ɗan ƙarami sai su yi tsalle zuwa ƙato.

Inbata da yawa suna da wurin da ake saita ƙarfin caji, a rage shi ko a ƙara. Masu haɗa sola sukan bar shi yadda ya zo daga kamfani, mai gida kuma bai san da shi ba. Sau da yawa injin da aka ce ya yi ƙanƙanta, har ana shirin sayar da tumaki a canja shi, abin da yake buƙata kawai a sauke cajin daga amf 30 zuwa 15. Zai ɗauki lokaci fiye da da, amma koyil za ta tsira.

Akwai wurare biyu da masu son babba suke da gaskiya ɗari bisa ɗari. Na farko firiza da famfon ruwa. Duk abin da ke da mota a ciki yana fizgar ninki uku ko fiye na abin da yake ci a daidai lokacin tashi. Mai sayar da ƙanƙara da lemo mai sanyi, ko mai lambu a gefen madatsar Watari ta Bagwai da ke son famfon lantarki, lissafinsa daga wannan fizgar zai fara, ba daga batir ba. Na biyu batir ɗin litiyam, wanda ya fara shigowa gidajen masu hali da manyan shagunan caji. Shi bakinsa a buɗe yake. Mai lamba 100 a folt 24 yana iya karɓar amf 50, kusan wat 1,400, kuma ba ya jan ƙafa a ƙarshe sai daf da cika. Awa biyu da 'yan mintoci sun ishe shi. A kan irinsa, injin kVA 2.5 yana aiki a daidai inda ya fi tattali, ya gama da wuri a kashe. Maganar babba ya gama da wuri, wadda ba ta yi aiki a kan batir mai ruwa ba, a nan ta zauna daram. Idan farashin litiyam ya ci gaba da sauka, nan da wasu shekaru shawarar da na bayar a sama za ta koma ta tsirarun mutane.

Batun tsayi kuma yana ƙara nauyi ga wanda injinsa ke tafiya tare da shi, kamar masu kai lasifika wuraren wa'azi da maulidi, da direbobin da ke kwana a hanya, da 'yan ci-rani. Jos tana wajen mita 1,200, a can inji ya rasa kusan kashi 14, ko da yake sanyin garin yana ɗan rage asarar. Tsaunin Mambila na Taraba, inda Gembu take, yana wajen mita 1,600, a can an kusa rasa ɗaya bisa biyar. Injin da yake jan cajarsa da ƙyar a Shanono zai shaƙe a can. Bakanike yana iya sa masa ƙaramin jet a kafireta don man ya yi daidai da iskar wurin, hayaƙi ya washe, fulogi ya daina baƙi, amma hakan ba ya maido ƙarfin da ya tafi. Kuma idan aka sauko gida dole a mayar da tsohon jet, in ba haka ba man zai yi masa kaɗan, ya yi zafi ya lalace. Wanda ya san zai riƙa hawa irin waɗannan wurare, ya ƙara mataki ɗaya a kan girman da lissafin gida ya ba shi.

Wani abu da ƙaramin inji ke jawowa, wanda ba a cika sa shi a gardamar ba, shi ne sauƙin ɗaukarsa yana sa a ji tsoron ɓarawo, sai a shigo da shi zaure ko a ajiye shi ƙarƙashin taga yana aiki. Iskar da ke kisa a hayaƙin janareta ba ta da launi ba ta da wari, ta kuma sha hallaka iyalai a cikin barci a ƙasar nan. A ɗaure shi da sarƙa a fili, nesa da ɗakin kwana. Batir mai ruwa shi ma yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, kada a ajiye shi kusa da inji ko murhu.

Wanda zai tafi kasuwar Sabon Gari a Kano sayen inji, sabo ko na hannu, ya rubuta lambar batir ɗinsa da amf ɗin cajarsa a takarda kafin ya hau mota. In da hali ya ɗauki cajar da batir ɗin da aka sha rabinsa. Mai shago zai tayar da inji ya jona ƙwan fitila ɗaya, ya ce ka ga wuta. Wannan gwajin ba ya nuna komai. A jona cajar, a bar ta minti ashirin, a saurara ko kukan inji zai faɗi, a sa mita a ga ko wutar tana tsaye kusa da folt 220, sannan a duba ƙaramin allon bayani a nemi lamba ta biyu kafin a fara ciniki.